Tattabarun Kan Tudu

Tredegar, farkon Afrilu

Yaya Nesta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Yaya jikin Fergus? Allah ya ƙara masa sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ki faɗa masa ƙanin matarsa na gaishe shi, kuma har yau ban yafe masa ɗauke ki da ya yi ya kai ki ƙarshen duniya ba.

Na san za ki ce me ya hana ni ɗaga waya. Kin san kunnen hagu ramin kwal ya tafi da shi, na dama kuma sai abin da ya ga dama yake ji, ga numfashi da ba ya kai ni ƙarshen zance. A takarda ina iya tsayawa in huta ba tare da kin ce, “Emrys, kana nan kuwa?” ba.

To, ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa da kowa ke tsoro a garin nan ya iso ƙofata. Gwamnati ta sauya tsarin tallafin naƙasassu, wai kowa sai an sake tantance shi. An sa mini rana a watan Yuni, a wani ofis kusa da tashar bas. Za su zaunar da ni su yi mini tambayoyi, su gano ko huhun da ƙurar kwal ta cinye ya sake tsirowa ban sani ba.

Ba kuɗin ne ya dame ni ba, ni da shayi da burodi da wake mun daɗe da sabawa. Motar ce. Kin san a cikin tallafin take, kuma in suka yanke cewa ina iya tafiyar tsawon bas biyu ban tsaya ba, sai su karɓe abinsu. In babu mota ba ni hawa tudun lambuna, kuma can ne ɗakin tattabaruna yake. Rabon da in hau tudun nan da ƙafa tun Glenys na da rai, ko a lokacin ma ita ke gaba tana yi mini faɗa, ni mijin ina baya ina tari.

Tsuntsayen suna nan lafiya lau. Tsohuwar macen nan mai ruwan toka da na sa wa Gwaggo Bet ta yi ƙwai, kuma halinta na nan irin na mai sunan, ka kawo mata abinci ta cake ka a hannu. Baƙin nan mai farin wuya, Fasto, yana kan rufi tun safe yana wa'azi ba mai sauraro. Nakan ajiye mota a ƙofar lambu, in lallaɓa in huta a jikin tankin ruwa, in ƙarasa in zauna a kujerata in buɗe musu. In sun zaga kwarin sun gaji, sai in kaɗa gwangwanin hatsi su sauko. Ba ni da wani aiki sai wannan, kuma gaskiya ba ni da wasu mutane sai su.

Ke da kika tsufa a aikin asibiti kin san kan irin waɗannan masu tambaya. Me zan ce musu? Na riga na fito da kwat ɗina ta zuwa coci, na goge takalmi.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Emrys

Aberdeen, tsakiyar Afrilu

Emrys,

Na samu takardarka, ina gaishe ka. Muna lafiya. Fergus ya fara riƙe cokali da kansa, rabi a baki rabi a riga, amma ci gaba ne. Ya ce a gaya maka kayan da aka saya ba a mayarwa.

Ka mayar da kwat ɗin nan cikin akwati, ba biki za ka ba. In ka je musu fes da takalmi yana ƙyalli, za su rubuta cewa kana iya sunkuyawa ka goge takalmi. Ka je da rigar sanyin da kake yini da ita. Kuma in an ce “Yaya jiki?” kada ka kuskura ka ce “Da sauƙi.” Na san bakinmu, ɗan gidanmu ko a kan makara yake da sauƙi zai ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na je ofishin ba da shawara na unguwarmu, na zauna da wata mata da wannan ne aikinta. Ta ce ba tambayar tafiya ce ke kayar da mutane ba, 'yar hirar nan ce ta tsakani. Za a yi maka murmushi a ce, “Kana kiwon wata dabba? Da me kake ɗebe kewa?” Kai kuma na san ka, ana taɓo tattabaru za ka manta da huhu, ka ba su tarihin kowacce tun daga kakarta. Su kuwa abin da za su rubuta shi ne kana zuwa lambu kullum, kana ɗaukar hatsi, kana share ɗakin tsuntsaye. Ba za su rubuta cewa a zaune kake sharar ba, ko cewa mai shago ke kai maka buhun har ƙofa.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Baba bai rene mu a kan haka ba, kuma ko ka so ba ka iya ba, tun kana yaro kunnuwanka ke tona ka, su yi jajir. Cewa nake ka mayar da maganar gaskiya. Ka ba Gethin ajiyarsu ya tafi da su Wrexham har a gama. Tare kuka yi aikin rami, shi ma mai kiwo ne, ba zai wulaƙanta su ba. Ranar da aka tambaye ka sai ka dubi idon mai tambaya ka ce ba ka da ko ɗaya, kuma ba ka yi ƙarya ba.

An yarda mutum ya je da ɗan rakiya, kuma na so in zo in zauna kusa da kai. Amma ba ni da wanda zan bar wa Fergus, ba ya yarda kowa ya ɗaga shi sai ni. Abin yana ci mini rai. Ba wanda zai raka ka a nan?

Ga 'yar waina mai zabibi na sa a kwali, irin ta Mama. Kai na yi wa, ba Gwaggo Bet ba.

Ka kula da kanka.

Yayarka,
Nesta

Tredegar, ƙarshen Afrilu

Yaya Nesta,

Ina gaishe ki, ina gaida Fergus. Waina ta iso, rabi ta zama gari, kin kuma san wadda ta ci garin.

Da na karanta takardarki na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Kin daɗe da barin garin nan, kin manta abin da ake nufi da ba da tattabarar tsere. Ba kaza ba ce da za a saka a tsakar gidan wani ta kama kiwo. Wadda ta girma a ɗaki, nan ne gidanta har ta mutu. In Gethin ya buɗe musu ƙofa sau ɗaya, kafin rana ta take suna kan rufina. Don haka kulle su zai yi, ba fita ba tashi, har ranar da na karɓe su. 'Yan kurkuku muke kiran irinsu a nan. Ga shi kuma lokacin tsere ne ke shigowa.

Na ninke takardar na ce ba zan yi ba. Sai ranar Juma'a na leƙa kulob ɗin tsofaffin 'yan rami, na tarar da Dilwyn, maƙwabcina na lambu, zaune gaban kofin giya ko taɓawa bai yi ba.

Na ce, “Kai kuma wa ya mutu?”

Ya ce, “Motata.”

Na ce, “Hatsari ka yi?”

Ya ce, “Ina fa, kare ne. Yarinyar da ta tantance ni ta tambaye ni ko ina da kare, na ce e, har na ciro hotonsa a waya ta ce kyakkyawa ne. Sai ga takarda wai ina fita yawo da kare safe da yamma. Emrys, karen nan ya fi ni tsufa, shi ma ɗaukarsa ake yi.”

Aka yi dariya, shi ma ya taya. Amma Dilwyn ƙafa ɗaya da rabi gare shi, kuma tun da aka karɓi motar bai taka lambunsa ba, kabejinsa duk ya yi fure ya lalace. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Na rubuta wa Gethin, ya ce zai zo da kwanduna Asabar ta sama.

Batun ɗan rakiya kuwa, na zauna na duba. Dilwyn ba ya son ya sake ganin ƙofar ofishin nan. Faston cocinmu, na gasken, sabo ne, bai riƙe sunana ba tukuna, “ɗan'uwa” yake ce mini. Sauran kin san inda suke, suna kwance a bayan coci tare da Glenys. Zan je ni kaɗai, ai ba rami zan shiga ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Emrys

Aberdeen, Mayu

Emrys,

Gaisuwa. Na ji daɗi da ka ji magana, ko da yake na san ba tawa ka ji ba, ta karen Dilwyn ce.

Yanzu sai gwaji. Matar ofishin ta ce ka ba su labarin ranar da ta fi muni, ba wadda ka tashi da ƙarfi ba. To ka ɗauka ni ce mai tantancewar. Yaya kake wanka? Yaya kake hawa bene zuwa ɗakin kwana? Me kake dafawa? In numfashi ya ɗauke, wa kake kira? Ka amsa mini a rubuce, kuma in ka sako mini barkwanci ko ɗaya zan mayar maka da takardarka.

Ka daina hawa tudun nan ma har a gama. Idon mutane yawa gare shi.

Yayarka,
Nesta

Tredegar, ƙarshen Mayu

Yaya Nesta,

Ina gaishe ku duka. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, sau uku ina farawa ina yagawa.

Tattabarun sun tafi. Ni na kama kowacce da hannuna na miƙa wa Gethin yana sa wa a kwando. Da muka zo kan Gwaggo Bet ya ce, “Wannan ce mai cakar mutane?” Na ce, “Za ka sani.” Kafin ya rufe baki ya sani. Ya sha shayi a tsaye, ya dafa kafaɗata, ya ja mota. Kin san Gethin, in ya yi maka magana biyar a yini to ya yi surutu. Na kulle ɗakin na sauko, ban sake hawa ba.

Ga amsoshinki, ba wasa.

Ba na hawa bene. Hunturu biyu ke nan a falo nake kwana, a kan doguwar kujera, da matasai a bayana, don in na miƙe sosai numfashi ba ya zuwa. Gadonmu ni da Glenys na can sama a gyare kamar yadda na bar shi. Wanka a kicin nake yi, a zaune, da ƙaramin tawul da ruwan butar shayi, kuma in na yi wanka to aikin wannan safiyar ya ƙare. Girki kuwa, abin gwangwani nake ɗumamawa, don tururin tukunya na shaƙe ni. Miyar rago da dankalin da na ce miki na dafa ranar Kirsimeti, matar Dilwyn ce ta aiko.

In numfashi ya ɗauke ba na kiran kowa. Nakan buɗe taga, in dafa tebur da hannu biyu, in ja maganin shaƙa in jira. Ya zuwa yanzu dai yana dawowa.

Ban taɓa faɗa miki ba domin naki nauyin ya ishe ki. Da na gama rubutawa na karanta, sai na ga wani tsoho da ban sani ba, kuma bai burge ni ba. Ashe tsuntsayen nan ne suka tare mini shi. Muddin ina da abin da zan tashi in buɗe wa ƙofa, ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Yini ya yi tsawo, Yaya. Motar na ƙofar gida ina kallonta ta taga. Shekaranjiya mai kawo wasiƙa ya gaishe ni, na buɗe baki in amsa sai na ji murya ta dishe, don na kwana biyu ban yi amfani da ita ba. Kewa nake ji, irin wadda ban ji ba tun makon da aka binne Glenys.

Amma na haddace darasina. Ba kwat, ba “da sauƙi,” ba tattabaru.

Ki gaida mai cokali.

Ƙaninki,
Emrys

Tredegar, Yuni

Yaya Nesta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu katinki ana gobe za a yi tantancewar, na gode, na sa shi a aljihu na tafi da shi. An yi an gama, ga yadda ta kasance.

Na je da tsohuwar rigar sanyi kamar yadda kika ce. Ɗakin jira cike da irinmu, kowa da sandarsa, kowa da mai riƙe masa jaka, ba mai kallon wani. Wadda ta kira ni yarinya ce ma'aikaciyar jinya, ba ta wuce sa'ar jikarki ba. Ba ta da mugunta, in faɗi gaskiya. Tana gabana a hanyar ofishinta amma tana waiwaye tana duba yadda nake tafiya. Na tsaya na dafa bango, ba don ta gani ba.

Ta ce, “Yaya jiki yau, Baba?”

Saura kaɗan bakin gidanmu ya kayar da ni. Na haɗiye na ce, “Ba daɗi.”

Ta tambayi wanka, ta tambayi bene, ta tambayi girki, na ba ta kamar yadda na ba ki, tana bugawa a kwamfuta. Ta sa na ɗaga hannu, ta sa na gwada taɓa yatsun ƙafa, ta ba ni wani bututu na hura. Ni da na yi shekaru ina saran kwal a kwance a inda ba a iya miƙewa, ga ni ina hura bututu ana ce mini, “Yawwa, ka yi ƙoƙari.”

Sai ta yi murmushin nan da kika faɗa. “Kana kiwon wata dabba a gida?”

Na ce, “A'a.” Na taɓa kunnena, sanyi ƙalau.

“Me kake yi da safe?”

“Ina zaune.”

“Da rana fa?”

“Ina komawa ɗaya kujerar.”

Ta ɗan yi dariya. Ki yafe mini wannan barkwancin, shi kaɗai ne ya kuɓuce. Daga nan sai ta yi tambayar da ba mu shirya mata ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, “A yini, da wa kake magana?”

Yaya, da a watan Afrilu ne da ta gaji da jin sunaye. Na buɗe baki na rasa sunan da zan kira. Na ce, “Ba kowa.”

Ta tsayar da bugun ta dube ni. Ta ce, “Ko mutum ɗaya?” Sai kawai na ji hawaye na zuba, a gaban 'yar mutane, na kasa tsayar da su, kuka kuma ya jawo tari. Ta kawo mini ruwa ta jira har na lafa, sannan ta koma ta yi ta bugawa, ta daɗe tana bugawa.

Na san za ki ce an dace, kuma wataƙila haka ne. Ban faɗi kalma ɗaya ta ƙarya ba. Abin da ke damuna ke nan, mu muka mayar da ita gaskiya da hannunmu. Na shiga ofishin nan ina mutum mai ciwo, na fito ina abin tausayi, kuma kunya ta hana ni kallon kowa har na isa mota.

An ce a jira sakamako, zai ɗauki lokaci. Na so in karɓo tattabarun gobe, amma Dilwyn ya ce wani lokaci sukan biyo mutum gida su ƙara dubawa. Zan jira.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Emrys

Wrexham, Satumba

Zuwa ga abokina Emrys,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na samu saƙonka. Na yi murna da aka bar maka motar, Allah ya sa alheri.

Ka ce in saki tattabarun Asabar da safe su dawo da kansu. Ba ni da yawan rubutu, amma ka saurare ni. Tun watan Mayu ba su tashi ba. Sun yi ƙiba, kuma yanzu suna zubar da gashin fiffike, Fasto ma gefe ɗaya duk giɓi ne. Duwatsun da ke tsakaninmu cike suke da shaho, ga hazo a wannan wata ba ya sallama. Bari in kawo maka su a kwando ranar Lahadi, man motar a kaina. In sun yi mako biyu suna zaga kwarin, ƙarfinsu zai dawo.

Kai ka koya mini wannan, ba ni na koya maka ba.

Naka,
Gethin

Tredegar, Satumba

Gethin,

Gaisuwa, tsohon abokin rami. Na gode da riƙon amana, na kuma gode da gaskiyar da ka faɗa. Duk na san ta.

Amma ka ji tawa. Tun Afrilu ake koya mini in ce ba na iyawa, har na iya faɗa, har aka ba ni takardar shaida. An auna ni, an rubuta ni, an ba ni ruwa kamar yaro. Ba na so su ma a kawo su a kwando a bayan mota kamar marasa lafiya. Gwaggo Bet daga Faransa ta taɓa dawowa iska na dukan ƙirjinta, kana wurin ranar, kai ka fara hango ta. Wrexham a wurinta nan da ƙofar gida ne.

Na share ɗakin, na zuba sabon ruwa. So nake in zauna a kujerata in ɗaga kai in ga wani abu nawa ya dawo gida da ƙarfin kansa. Ka yi mini wannan. In gari ya waye garau, ka buɗe musu.

Naka har kullum,
Emrys

Wrexham, Oktoba

Zuwa ga Nesta,

Bayan gaisuwa, da fatan maigidanki yana samun sauƙi. Ni ne Gethin, abokin Emrys. Na san bai rubuto miki ba, shi ya sa na rubuto.

Ya ce in saki tsuntsayen su koma da kansu. Na hana, ya nace, kuma nasa ne. Safiyar ta yi kyau, na buɗe musu, suka zaga sau biyu suka miƙe kudu, har na ce a raina ashe shi ke da gaskiya. Kafin hantsi hazo ya rufe duwatsu, ya kwana biyu bai ɗaga ba. Ko ɗaya ba ta isa ba.

Ranar Lahadi na tafi. Na same shi a kan tudu a kujerarsa, rigarsa a jiƙe, yana kaɗa gwangwani. Ya ce mini, “Sun tsaya shan ruwa ne, ka san Fasto da tsaye-tsaye.” Yau mako na uku, kullum yana can tun safe har sanyi ya kore shi, kuma tarinsa ya ƙaru.

Na ce zan ba shi 'yan shila in bazara ta zo, ya ce ba shi da wurin sa su, ɗakin na masu shi ne. Ki rubuta masa. Ni ban iya magana ba.

Naki cikin girmamawa,
Gethin

Aberdeen, Oktoba

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina yi maka jaje. Gethin ya gaya mini, kada ka yi fushi da shi.

Na yi niyyar in yi maka faɗa a kan taurin kai, na ɗauki biro na kasa. Ni na ce ka ba da su. Motar na hango, ban hango abin da za ka yi da ita ba in babu su. Tun jiya Fergus ke tambayata me ya same ni.

Ka zo nan, Emrys. Akwai ɗaki a ƙasa, ba bene, tagarsa na kallon teku. Ka zo ko na hunturun nan ne kawai, ka taya Fergus ɓata riga, in sami mutum biyu da zan yi wa faɗa. Sanyin tudun nan zai kashe ka, kuma kai kaɗai ka rage mini a gidanmu.

Ka amsa mini da wuri.

Yayarka,
Nesta

Tredegar, Nuwamba

Yaya Nesta,

Ina gaishe ki. Ki cire wannan daga ranki, ba ke kika buɗe musu ƙofa ba. Na gode da ɗakin, amma ba zan iya zuwa yanzu ba. Akan samu wadda ta dawo bayan wata biyu, a ƙafa ma, kuma bai kamata ta tarar da ƙofa a kulle ba.

Ranar Talata wata tattabara ta sauka a kan rufin. Ba tawa ba ce. Shuɗiya ce ƙarama, ta rame ƙwarai, ɓatan hanya ta yi. Na ba ta ruwa, jiya ta ci a tafin hannuna, har na ba ta labarinki.

Akwai zobe a ƙafarta. Ƙa'idarmu ita ce in baƙuwa ta sauka maka, ka karanta lambar ka sanar da ƙungiyar masu tattabaru a nemo mai ita, kuma ban taɓa saɓawa ba. Na san akwai wani tsoho a wani gari yana zaune yana duban sama.

Ban duba lambar ba tukuna. Wataƙila gobe.

Ki gaida Fergus. Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Emrys